Anti Tela Mai Ɗinka wa Ƙwayar Cuta Riga

Kullum da safe, kafin in gama wanke kwalaben ɗakin bincike, Anti Tela ta iso. Takan ɗaga kwalba ta duba a hasken taga, ta sa a na'urar busarwa, domin ɗigon ruwa ɗaya yana ɓata mata aikin wata guda. Sai ta zauna ta yi ta haɗa sinadarai, ƙafafunta a kumbure.

Ba ta taɓa riƙe keken ɗinki ba. Sunan ya fito ne daga bayanin da ta yi mini, cewa wasu ƙwayoyin cuta suna sanye da riga ta wani irin sukari. Ita kuma tana ɗinka irin rigar da sinadarai, ba ƙwayar a ciki, don jikin yaro ya gane ta tun kafin cutar ta zo.

Bara yayata ta ƙi kai jaririnta allurar sanƙarau, wai an ce cutar ake zuba wa yara. Ni ba na iya musu, sai na faɗa wa Anti. Ranar hutunta ta zo gidanmu.

Yaya ta ce, "To fa! An turo mini likita har ɗaki?"

"Wace likita? Tela ce ni, 'yata. In aka nuna miki rigar ɓarawo a rataye, rigar za ta yi miki sata?"

"Riga dai? A'a."

"In kuma kika gan shi da ita a ƙofar gida?"

"Ai tun daga nesa zan ƙwala ihu."

"To, ihun muke koya wa jikin ɗanki. Irin wannan allurar riga ce kawai."

Yaya ta yi dariya ta ce, "Kai Anti, bakinki ya fi allurar kaifi." Washegari ta goya shi sai asibiti.

Anti, ke ce mai haƙurin da ban ga irinsa ba. Ga shi za ki ajiye aiki, taki rigar ba ta zama allura ba tukuna, kin ce na baya za su ƙarasa. Na gode, Allah ya saka. Masu ilimi, ku yi koyi da ita, ku riƙa takowa har ɗakunanmu. Yaron Yaya yanzu gudu yake yi, ba mai iya kama shi.