Ciyawar Kawu Mai Farin Kai

Ina cikin fadamar Lafani aka aiko cewa Kawu ya rasu. Nan ya saba durƙusawa cikin laka mai sanyi, ya tsinki wata siririyar ciyawa mai farin kai kamar maɓalli, ya soke ta a hula, ya ce, "Inda take, ruwa bai ƙaura ba. A bar mata wurinta."

Ko sadakar arba'in ba a yi ba, babban ɗansa ya cike fadamar da jar ƙasa don ajiye manyan motoci. Na ce, "Don mi?" Ya ce, "Ciyawa ce fa, ɗan'uwa."

Har yau ban sake taka gidansa ba. Allah ya sanyaya makwancin Kawu. Ya ce da damina zai gaya mini sunanta, bai kai ba.