Yashin Mudathir

Shekara talatin Malam Badarou ya yi yana lanƙwasa bututun ƙarfe a wata rumfa a Zongon Kwatano. Hanyarsa ɗaya ce: ya cika bututu da yashi, ya toshe bakinsa biyu da katako, ya gasa wurin da za a lanƙwasa har ya yi ja, sannan ya ja shi a jikin tsohon ƙarfen tayar mota. Yashin ke hana bututun lotsewa. Ɗansa Mudathir ya girma a rumfar, amma kallo kawai ya yi, hannu a aljihu.

Da tsohon ya rasu, Mudathir ya yi kwas na wata uku, ya rataye difulom a bango, ya ce a riƙa kiransa injiniya. Ya sayo tsohon injin lanƙwasa, ya zubar da buhunan yashin ubansa, ya ce aikin ƙauye ne. Masu kawo aiki suka yi ta raguwa, sai Alhaji Jibrilu mai fataucin shanu, wanda ya tsaya saboda marigayin.

Ana saura mako biyu layya, Alhaji ya kawo bututu takwas a yi masa bakan rufin motar dabbobi. Injin ya lotsa uku a jere. Alhaji ya duba su, ya ce biyar ɗin da suka rage su ne gwajin ƙarshe.

Sai Mudathir ya tuna da yashi. Damina ce, ya ɗebo daga bayan gidansu da danshinsa. Mahaifiyarsa, Inna Oumou, ta leƙo ta gani.

"Babanka soya shi yake yi a kan kwano tukuna," in ji ta.

"Inna, wannan ba girki ba ne."

Ya ɗura, ya toshe, ya sa wuta. Ruwan da ke cikin yashin ya zama tururi, ba hanyar fita. Toshiyar ta fita kamar harsashi, ta huda kwanon rumfar, yashi mai zafi ya watsu. Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya sa aka kwashe sauran bututun zuwa wajen wani maƙeri a unguwar Gbégamey.

Na je rumfar makon jiya. Injin na nan, Inna Oumou na shanya barkono a kansa. Mudathir ya gaya mini cewa ƙarfen zamanin nan ne ba shi da kyau.