Alƙiblar da Na Ɓatar a Cikin Jirgin Ƙarfe

Mun tashi da asuba daga Levenshulme, unguwarmu a Manchester, ranar Alhamis ta makon hutun rabin zango, ni da maiɗakina da 'yarmu mai shekara tara. Stockport Road babu kowa sai motar shara da wani mai shago yana ɗaga ƙofarsa. A aljihun rigar sanyina akwai wata takarda ninki huɗu da maiɗakina ta rubuta tun mako biyu da suka wuce. Wasiƙa ce zuwa ga shugabar makarantar yarinyar, cewa mun cire ta, za mu koyar da ita a gida. Sa hannuna take jira, kuma ranar Litinin ake komawa makaranta.

Dalilin wasiƙar shi ne yarinyar ba ta magana a aji. Shekara biyu ke nan da zuwanmu ƙasar nan ta Turawa, kuma duk taron iyaye magana ɗaya malamarta take maimaitawa: ta san aikinta, rubutunta tsaf, amma ba ta ɗaga hannu, ba ta kallon fuskar mai yi mata magana. Maiɗakina ta ce makarantar ce ke danne ta. Ni kuwa ɗan boko ne tun daga tushe, a Zariya na tashi, kuma ban ga wanda zai karɓi yarinya babu sakamakon jarrabawa ba in mun koma gida. Da gardamar ta yi tsawo sai maiɗakina ta ce gani ya kori ji, mu bi wasu aminanmu da ke koyar da 'ya'yansu a gida zuwa Bristol, kallon tsofaffin jiragen ruwa, in ga yadda abin yake.

Babbar hanyar Birmingham tana nan yadda kuka san ta. Yayyafi, manyan motoci, da gyaran titi wanda ban taɓa ganin mai yin sa ba, sai jerin robobi ja da fari. Yarinyar ta yi barcinta a baya, uwarta kuma ta ɗauki wa'azin karatun gida tun daga Stoke.

Wajen ƙarfe takwas muka shiga Erdington, unguwar aminan namu a Birmingham, masu shaguna suna ta fito da kwandunan kayan miya bakin titi. Mai gidan da muka je Bahaushen Kumasi ne, direban bas, kuma tun ranar da ya ji ina digiri na uku yake kirana Dakta, ko da yake har yanzu babi na huɗu nake ta fama da shi. Matarsa ce malamar gidan. 'Ya'yansu mata biyu, babbar shekararta goma sha ɗaya. Ba su bar mu mun wuce ba sai da muka ci wake da shinkafa irin nasu, da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji da ya sa na tuɓe rigar sanyi.

A nan na fara ganin tsarinsu. Kowace yarinya da ɗan littafinta da fensir, har an saya wa tamu nata. Uwar ta kafa doka tun a bakin ƙofa: a wurin yawo babu uba, babu uwa. Wadda take da tambaya ta nemi ma'aikacin wurin ta tambaye shi da bakinta. Na ce a raina wannan ai hanyar hutar da iyaye ce aka sa mata sunan ilimi.

Mota biyu muka yi. A hanya muka tsaya wurin hutun matafiya, na ga kuɗin da suke sayar da kofin shayi ɗaya, na koma mota na rungumi filas ɗinmu da daraja. Kafin sha ɗaya mun isa bakin ruwan Bristol. Iska mai sanyi, tsuntsayen teku suna ta kuka kamar an hana su gado, gidaje masu launi-launi a kan tudu.

Wani ƙaramin jirgin katako muka fara shiga, wanda aka ƙera a kan siffar irin na mutanen da. Da na ga ƙanƙantarsa na yi mamakin wanda zai shiga wannan ya nufi tsakiyar teku da hankalinsa. Ni da ko kwalekwalen fito ba na shiga sai na karanta duk abin da na haddace. 'Ya'yan abokina suka tasa wani ma'aikaci a gaba da tambayoyi, ina ake bayan gida, me ake ci, wa ke hawa saman can. Tamu tana bayansu, tana rubutu, bakinta a rufe.

Daga nan muka wuce babban, jirgin ƙarfe wanda ya yi zamaninsa yana kai mutane ƙasashe masu nisa. Yanzu yana zaune a busasshen rami, an kewaye shi da gilashi an zuba ruwa kaɗan a kai, in ka hango sai ka rantse yana kan teku. Muka sauka ƙarƙashin gilashin muka ga cikinsa duk tsatsa, ana hura masa busasshiyar iska kada ya ƙarasa ruɓewa. A ciki kuwa duniya ce guda. Ɗakin cin abincin masu hali da madubai da kujeru masu laushi. Na talakawa gadaje ne kamar kantar shago, ɗaya bisa ɗaya, har warin wurin sun ƙirƙiro don ka ji abin da aka ji. A saman jirgin akwai farin layi da talaka ba ya tsallakawa. Abokina ya tsaya a kansa ya ce shi dai ya san ɓangarensa, ba sai an nuna masa ba.

A wajen sitiyarin jirgin wani dattijo mai farin gemu ya tara yara yana yi musu bayani. Na ga 'yan matan uku sun kutsa gaba. Daidai lokacin saƙon malamin da ke duba aikina ya shigo, na koma gefe ina ba shi amsa. Na ɗauki kusan minti ashirin. Abin da dattijon ya faɗa ko kalma ɗaya ban ji ba.

Da azahar ta yi, muka roƙi wata ma'aikaciya wurin salla. Ta nuna mana wani lungu a can ƙasan jirgin inda mutane ba su cika bi ba. Dama da alwalarmu. Abokina ya shimfiɗa darduma ya ja baya.

"Dakta, bismilla. Mutumin Zariya yana nan ni ba na shiga gaba."

Haka suke mana, mutanen Ghana. In dai daga arewacin Najeriya ka fito, malami ne kai, ko Ƙulhuwallahu kaɗai ka iya. Na ciro waya na buɗe manhajar alƙibla, kibiyar ta ɗan yi rawa ta tsaya, na juya dardumar na bi ta. Matan suka ce za su yi tasu in mun idar. 'Yata tana tsaye a gefe riƙe da takalmana. Na ja mu muka yi ƙasaru, muka haɗa da la'asar, har da 'yar doguwar addu'a don a san an bi malami.

Ina shafawa sai babbar 'yar abokina ta matso.

"Uncle, you prayed the wrong way. Kun ba gabas baya."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Yarinya ƙarama, a gaban matata da ubanta. Na ce a zuciyata to ga amfanin karatun gidan nan, an koya wa yara tsaurin ido. Na nuna mata wayar. Ta ce ƙarfen jirgin ne ke jan kibiyar, dattijon can ya ce masu irin wannan jirgi sun sha wahalar haka, in ban yarda ba mu fita waje. Ubanta bai tsawata mata ba. Murmushi ma yake yi.

Muka fita, muka yi nisa da jirgin. Ina kallo kibiyar ta juya a hankali har ta koma kusan inda ƙeyata take ɗazu. Ga rana ma ta leƙo ta ba da shaida. Raka'a huɗu na ja magidanci muna fuskantar Amurka.

Abokina ya yi dariya har da riƙe ciki. Na daure na ce wa yarinyar ta kyauta, Allah ya yi mata albarka. Sai ta ce ai ba ita ta gano ba.

"Ita ta faɗa mini," ta nuna 'yata. "Tun kafin ku fara. Na ce ta gaya maka, ta ce no way."

Na karɓi ɗan littafin 'yata. Ga shi nan ta zana jirgi da kibiya a karkace, ta rubuta bayanin dattijon da Turancinta mai tsafta. Na durƙusa na tambaye ta me ya hana ta magana, tana gani ina tayar da kabbara. Idonta yana ƙasa, a kan takalmana.

"Abba, kai ka ce yaro ba ya gyara wa babba."

Tabbas ni na faɗa mata haka, kuma na tuna ranar. Watanmu na farko a Manchester, muna da baƙi, na ce lambar bas kaza ce ke zuwa jami'a, ta ce a'a Abba, ba ita ba ce. Bayan baƙin sun tafi na zaunar da ita. Na ce yaro ba ya gyara wa babba, ba ya tsoma baki in manya na magana, ba ya zuba wa babba ido. Haka aka yi mini, haka aka yi wa ubana, kuma a lokacin ina tsoron kada ƙasar nan ta cinye mini tarbiyyarta. Ta ji magana. Ta ɗauke ta gaba ɗaya ta tafi da ita makaranta, inda malama babba ce, mai share aji ma babba ce. Kunya ta kama ni, irin wadda ban ji ba ko a lokacin da kibiyar ke juyawa.

Maiɗakina tana tsaye tana jin komai.

Muka sake sallar a bakin ruwa, a kan siminti mai sanyi, wasu Turawa suna ratsa mu da karnukansu. Abokina ya sake tura ni gaba. Na ce sai dai in yarinyar ce za ta tsayar mana da alƙibla. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta duba, ta nuna da yatsa, ta ce "nan" da wata 'yar murya. Muka bi.

Bayan nan muka ci kifi da dankali a tsaye, iska na neman ƙwace takardar. Na tambayi matar abokina ko ba ta tsoron yaran su raina mutane. Ta ce gaisuwa da durƙuso ba ta yafe musu ko ɗaya ba, amma wanda ya ga rami ya yi shiru har babba ya faɗa, ita ba ta kiran wannan ladabi. Ta kuma ce kada in ɗauka karatun gida hutu ne. Aikinta na asibiti ta ajiye saboda shi, kuma akwai ranakun da take shiga bayi ta kulle don ta sami minti biyar.

Ƙarfe uku muka kamo hanya. Muka rabu da su a mararrabar Birmingham, 'yan matan suna ɗago mana hannu ta gilashi. Wajen Stafford na ciro wasiƙar na miƙa wa maiɗakina. Na ce ba zan sa hannu yanzu ba. Ba don jarrabawa ba wannan karon. In muka cire ta daga makaranta muka dawo da ita gida, mun dawo da ita ne inda aka rufe mata bakin. Ta ce ita har yanzu tana ganin karatun gida ya fi. Muka tsaya a kan zuwa ƙarshen zango: ranar Litinin ni zan je wurin malamar da kaina in gaya mata daga inda shirun ya fito, in ba a ga canji ba kuma in sa hannu ba gardama. Ta ninke takardar ta jefa a jaka, ta ce tana nan dai, ba ta yage ba.

Mun iso Levenshulme bayan magariba, gajiya lis, motar tana warin kifi. Ga masu niyyar zuwa: ku tafi da filas, ku sa takalmi mara santsi, kuma ku fito daga jirgin kafin ku nemi gabas. Ni dai na tafi ne in duba yadda wasu ke koyar da 'ya'yansu, sai na tarar ashe shekara biyu ina da ɗaliba a gida, kuma darasi ɗaya da na ba ta ta riƙe shi fiye da yadda na so.

Na shimfiɗa darduma a inda na saba, a lungun falo, zan rama magariba. Sai na ji an taɓa hannun rigata. Tana tsaye da ɗan littafinta, kuma fuskata take kallo.

"Abba, ranar da muka tare, a jikin radiator ɗin nan ka gwada alƙibla. Shi ma ƙarfe ne."

Na dubi ƙarfen ɗumama ɗakin, na dubi dardumar da na yi shekara biyu ina salla a kanta. Na miƙa mata wayar, na ce ta sa takalminta, muka fita tsakiyar titi.