Amya da Rijiyar da Ta Ci Yaya Gimba

Shekara goma ke nan da rasuwar yayana Gimba, kuma har yau in na ji an ce ganganci ne ya kashe shi, sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi abin. Ni dillalin shanu ne a kasuwar Potiskum, rubutun ma da girmana na koya. Amma na gaji da jin ana ɓata sunan mutumin da ba ya nan balle ya kare kansa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yaya Gimba ya je yaƙin Bama, can aka koya masa aikin nakiya. Da ya dawo sai aka ɗauke shi cikin masu haƙar rijiyoyin gwamnati, don ƙasarmu in an yi nisa da haƙa akan tarar da dutsen da diga ba ta iya masa komai. A bakinsa na fara jin kalmar amya da wata ma'ana ba ta gidan zuma ba. Wata irin nakiya ce da ta rage daga kayan yaƙi. Turawa suka sa mata sunan gidan zuman ƙasarsu don kamar da suka yi, sojojinmu suka mai da sunan Hausa. Ƙarfe ne kamar kifaffiyar ƙwarya, cikinsa da rami kamar mazurari, yana tsaye kan ƙafa uku. Nakiyar da muka sani in ta tashi ko'ina take watsuwa. Ita amya tattara ƙarfinta take yi wuri ɗaya, ta tura shi inda bakin ramin nan ya fuskanta, ta huda dutse. Ma'anar sunan ke nan a wurin masu aikin.

Ba zan mai da shi waliyyi don ya mutu ba. Yaya Gimba akwai cika baki. In ya zauna a rumfar mai shayi sai ya ce amya ta fi jakinsa jin magana, inda ya nuna mata nan take bi. Mutane su yi dariya, su tafi da maganar gida. Shi ƙarfin nakiyar yake nufi, su kuwa suka ɗauka komai nata ƙasa yake shigewa, har hayaƙin.

A wani ƙauye ne kan hanyar Fika, na je sayen bijimai, na tarar da su Yaya Gimba suna haƙar rijiya, sun kai dutse. Al'adar wurin, ranar da ake sa ran ruwa akan yanka rago, a fito da yashin farko mai danshi a zuba a hannun dagaci kafin rana ta faɗi. In aka ci naman yashi bai fito ba, sai a ce rijiyar ba za ta yi albarka ba. To, ba su jira an fasa dutse ba suka yanka ragon, don Baturen rijiya ya sauka a ƙauyen, dagaci kuma yana so ya nuna masa shi mai ƙoƙari ne.

Yaya Gimba ya sauka ya kafa amya, ya kunna dogon lagwani, aka jawo shi sama. Ƙasa ta girgiza ƙarƙashin ƙafafunmu. Ya naɗe igiyarsa ya ce sai gobe, a bar ramin ya sha iska. Heluma, wato shugaban leburori, ya dubi rana ya dubi tukwanen nama.

"Haba Gimba, ba kai ka ce ƙasa take yi ba? Me ya rage a ciki?"

"Ƙarfinta na ce, heluma. Hayaƙinta yana nan kwance a gindin rami, ba a ganinsa."

Heluma bai ƙara kula shi ba, ya juya ya ce a ɗaura wa Baba Disa igiya. Baba Disa dattijon lebura ne, ba ya iya cewa a'a ga mai ba shi aiki. Dagaci yana zaune yana ji, Bature yana ƙarƙashin tsamiya yana shan taba, ba wanda ya hana. A wurin masu wannan sana'a kuwa, wanda ya kunna nakiya shi ke fara sauka, abin kunya ne ka bar wani ya shiga ramin da ka tayar. Yaya Gimba ya ƙwace igiyar daga ƙugun tsohon, ya jiƙa rawaninsa ya rufe hanci, ya ce da ni, "Ƙane, riƙe mini hulata."

Ya turo guga cike da jiƙaƙƙen yashi, mata suka rangaɗa guɗa. Sun shagala da murna, sai da na yi ihu sannan aka lura igiyar ba ta motsi. Da aka jawo shi yana numfashi da ƙyar, bai kai washegari ba.

Daga nan labari ya juya. Aka ce ai shi ya san aikin, shi ya sauka da ƙafarsa, wa ya aike shi? Wasu suka ce kwana ne ya ƙare. Na yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, amma ban yarda a ɓuya bayan wannan magana a wanke waɗanda suka zauna suna kallo ba. Heluman nan an yi masa ƙarin girma. Ba wanda ya tako gidanmu ya amsa cewa sun yi kuskure.

Yanzu ko'ina zancen mulkin kai ake yi, ana cewa za a haƙa rijiya a kowane ƙauye. Madalla. Amma kwanan baya a kasuwar Mamudo na ji wani ma'aikaci yana gaya wa manoma amya nakiya ce marar cuta, tunda gefe ɗaya take bi. Na tsaya na ce masa ƙarya yake yi, aka janye ni ana ba ni haƙuri. Da Yaya Gimba na nan, na san zai ciji yatsa a kan zancensa na rumfar mai shayi, sannan ya ci kwalar mutumin nan a gaban jama'a. In Bature ya tafi namu ya zauna a kujerarsa, ya ci gaba da ɗaukan ran lebura ba bakin komai ba, ban ga abin da muka samu ba.

Me ya rage na Yaya Gimba? Masu haƙa na wannan yanki yanzu ba sa sauka ranar da aka tayar da nakiya, ko an yanka raƙumi, ko da yake yawancinsu ba su san a kan wa aka koyi haka ba. Baba Disa ya rayu har ya ga jikoki. Rijiyar kuwa ba ta taɓa ƙafewa ba, ana kiranta Rijiyar Dagaci. Fanta, matar Yaya Gimba, 'yar ƙauyen ce, can ta koma wurin iyayenta da 'ya'yansa, babu kuma wani ruwa kusa sai wannan. Kullum da safe takan je ta zura guga ta kau da kai. In matan da ke gefenta suka ce Allah ya saka wa dagaci da alheri, sai ta ɗauki tulunta ta wuce, ba ta taɓa cewa amin ba.