Shekarar da Maigida Ya Roƙi Gona a Garam

A gidanmu na Suleja, maigida ne ke jan addu'ar safe. Ɗaki biyu muke haya a wani gida mai yawan 'yan haya, can wajen Bagama, shi kuma direba ne, yana tuƙa doguwar motar da ke kai ma'aikatan wani ofis Abuja ta dawo da su. Wannan a tsakiyar shekarun casa'in ne, lokacin da mutum kan wuni a layin mai. Mijina ba mai yawan magana ba ne. Sai dai in ya durƙusa ya rufe ido, bakinsa kan buɗe.

Ranar ɗaya ga watan Janairu, da muka dawo daga coci, ya tara mu, ni da 'yarmu babba da ƙannenta, domin mu miƙa shekarar ga Allah. Ya gode don rai da lafiya, ya roƙa wa iyayenmu da ke ƙauye. Sai kawai na ji ya ce, "Ya Ubangiji, in nufinka ne mu bar Suleja a wannan shekara, ka nuna mana."

Na buɗe ido. Shi nasa a rufe suke, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Yara suka ce amin, ni ban ce ba.

Da suka fita wasa na ce, "Baban yara, ina za mu?"

Ya ce, "Addu'a ce kawai."

"Addu'a ba ta fitowa haka kawai. Me ya faru?"

Ya ce a makon azumi muke, in bari mu ji abin da Allah zai ce. A cocinmu makon farko na shekara na azumi ne da neman nufin Allah, ana shan ruwa da yamma. Ya san ba zan ja rigima a irin wannan mako ba, ni ma na san ya sani.

Washegari addu'ar ta ƙaru. Ya ce in nufin Allah ne ya koma noma, a ba shi ƙarfi. Bayan nan Garam, wani ƙauye da ba shi da nisa da mu, ta shigo ciki, har da wani dattijon cocinmu mai fili a can, wanda ya roƙa wa albarka da sunansa. Na zama ina durƙusawa ina sauraro kamar mai jin labarai a rediyo. Mutumin da ya bar ƙauye saboda ya tsani fartanya, yau shi ke neman gona wurin Allah?

Abin da na fara zato shi ne an kore shi daga aiki yana ɓoyewa. Amma kullum yana sa kayan aikinsa ya fita, ya dawo a kan lokaci. Sai na koma kan dattijon nan. Mutum ne mai daɗin baki, kuma na taɓa ji mata na cewa yana neman wanda zai zauna masa a filin kada a cinye masa iyaka. Na ce to, ya sami mai sauƙin kai. A taron addu'ar yamma na zauna inda zan riƙa ganinsu su biyu. Dattijon ya ɗaga hannu yana waƙa, ni ina kallon ko zai yi wa mijina wata alama. Ban ga komai ba, wannan kuma bai kwantar mini da hankali ba. Har wata mace na saƙa a raina, wata gwauruwa a Garam wadda ban taɓa gani ba, na yi mata fuska da zane. Ina azumi ina wannan tunani.

Akwai wata mai koko da ƙosai a inda motar ofis ke ɗaukar mutane, Bazazzagiya, muna gaisawa. Wata safiya na bi ta wurinta kamar zan saya wa yara. Muna cikin hira ta ce, "Ashe maigidanki an yi masa ƙarin girma? Tun kafin Kirsimeti wani ne ke jan motar, shi yana gefe a zaune kamar oga."

Na yi dariya na ce haka ne. 

Daga nan gidan fasto na wuce. Na tarar da matarsa tana tsince wake. Na ce, "Mama, maigida yana ta addu'ar mu koma Garam. Ko ya yi magana da Baba Fasto?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "'Yata, ki dage da addu'a. Ki kuma riƙa lura da shi."

"In lura da me, Mama?"

Ta ce waken nan duk ƙwari ne, masu sayarwa ba sa tsoron Allah. Na fito da tabbacin cewa akwai abin da gidan fasto suka sani game da mijina wanda ni ban sani ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Amma na lura ɗin. Na ga cewa 'yarmu ce yanzu ke karanta Littafi Mai Tsarki da safe, shi kuwa da ba ya ba kowa. Ya ce wai don ta saba. Na ga yana juya kai gaba ɗaya in zai dubi abu, kamar kaza. Na ga ya buge kafaɗa da ƙofa ya zagi kafinta.

Ranar Asabar da yamma, lokacin shan ruwa, yana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Na ɗauko kofin kunu na zo na tsaya ta damansa, kusa sosai, har zanena na kusan taɓa shi. Ban yi magana ba. Rana ba ta faɗi ba, gari da haske. Na daɗe a tsaye. Sai ya ɗaga murya wajen kicin ya ce, "Maman yara, kunun fa?"

Na ce, "Ga ni nan."

Ya zabura. Ya juyo da dukan jikinsa ya gan ni, ya ga kofin, ya kuma gane abin da na yi. Na zauna na miƙa masa, bai sha ba.

Ya ce idon dama ne, ya daɗe yana rufewa daga gefe. Kafin Kirsimeti, wajen Madalla, wata mata da itace a ka ta fito bakin titi, bai gan ta ba sam, ihun mutanen cikin mota ne ya sa ya taka birki. Tun ranar ya roƙi wani abokin aikinsa ya riƙa tuƙi, suka ce wa ofis ciwon baya ne. Ya gaya wa fasto. Dattijon kuma tausayi ne ya sa ya ce ga fili in abin ya ƙi.

Na ce, "Ka gaya wa Allah, ka gaya wa fasto, ka gaya wa mai fili. Ni sai in tsinta a cikin addu'a?"

Ya ce, "Ai na san kina ji."

Da na buɗe baki a lokacin, da azumin makon duka ya lalace.

Da safe, kafin ya fara, na ce yau ni zan yi addu'a. Na ce, "Ya Ubangiji, in nufinka ne bawanka ya je asibiti kafin ya je gona, ka ba shi kunnen ji." Yara suka ce amin da ƙarfi, ba su san komai ba. Shi ya yi gyaran murya.

Mun je wani asibitin ido na mishan, tafiyar yini guda. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Na dama ya riga ya tafi, na hagu za a iya riƙe shi da maganin ɗigawa, muddin ba a fasa ba. Ya yi mana faɗa sosai kan jinkiri, kuma ni ya fi kallo yana faɗan, kamar ni na ɓoye.

Ba mu koma Garam ba. Maigida ya je ya faɗa wa ofis gaskiya, suka mai da shi mai kula da garejin motocinsu. Ya ci gaba da shiga motar nan kowace safiya, a kujerar gaba, har ya yi ritaya. Direbobi uku suka yi aiki a kanta bayansa, kuma babu wanda bai zo gida ya kawo mini ƙararsa ba, wai da ido ɗaya ma ba ya barin mutum ya canja giya cikin kwanciyar hankali.