Irin Geron Iya

Shekara uku na yi a lakwal, wato makarantar boko, su ma rabinsu a bayan katanga na yi su ina harbin ƙadangaru. Mushenmu, malamin ajinmu ke nan, ya ce kaina rariya ne, ana zubawa yana tsiyayewa. Saboda haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace, ya yi haƙuri, hannun mai gyaran moto ne, wato babur.

A unguwar Zango ta Damagaram aka haife ni, a Zango na yi furfura. Ƴan kabu-kabu sun san ni, ni ma na san ƙarar injin kowannensu tun daga kwana. Gona kuwa ta tagar mota na san ta. Gero a cikin fura muke gaisawa da shi. Ku riƙe wannan, don a nan maganar take.

Mu Kirista a Damagaram ba mu da yawa, majami'armu ma ƴar ƙarama ce. Da gwiwoyina suka fara kuka na rage aiki, sai dattawan ikilisiya suka naɗa ni uban matasa. Ba don tsarkina ba ne. An tambayi mutum uku kafin ni, kowa ya ce yana da uzuri, ni kuwa ga lokaci ga baki. Aikina shi ne ran Asabar da la'asar in zauna a gefe suna koyon waƙa da nazarin maganar Allah, in raba gardama, in tabbata kowa ya koma gida da haskensa. Na ji daɗin abin fiye da kima. Suna ce mini Baba, in na yi tari ma sai su yi dariya. Sannu a hankali na fara jefa baki a cikin nazarin, ina ɗauko rabin ayar da na ji a wa'azi in ƙarasa ta da nawa. Har na soma jin kamar da na daure a lakwal, da yanzu ni ne fasto.

Matasanmu suna da al'ada. Kowace shekara kafin damina sukan zaɓi tsoho ɗaya na ikilisiya da ke ƙauye, su je su yi masa gayya. Shekarar da nake magana, wata tsohuwa aka zaɓa a wani ɗan ƙauye kusa da Hamdara. Iya kowa ke ce mata. Ita da marigayi maigidanta su kaɗai ne masu bi a garin, ɗiyarsu ɗaya kuma tana aure can nesa. Ta san mahaifiyata, ta san ni tun ina yawo ba wando.

Fasto ya tsayar da ni a bakin ƙofa kafin mu tashi, ya ce, "Baba, shara ce kawai. Ku sassabe, ku ƙone, ku gyara shinge, ku dawo."

Na ce, "Fasto, kamar an yi an gama."

Muka hau kamiyo, babbar motar kaya, da sassafe, yara suna waƙa har ƴan kasuwa na juyowa. Kwana ɗaya kafin nan an ɗan yi ruwa, na farko a shekarar. Ƙasa sai ƙamshi. Muna sauka Iya ta fito da sandarta tana leƙen fuskokin samarin.

"Af, ga mazajena sun iso! Duk da takalman birni za ku yi mini noman? Kai dogo, kai ne angon bana, in ka iya riƙe gatari." Ta juyo kaina. "Kai kuma ɗan birni, wa ya jefa ka cikin yara? Ko gemun na aro ne?"

"Iya, ni ne ubansu."

"To Allah ya ji ƙan marayu," in ji ta.

Yaran nan sun yi aiki, ban rage musu ba. Kafin rana ta take, gona ta yi fes. Ni ina gindin wani gawo ina ba da umarni. Da na ga an gama da wuri, ga ƙasa da duhun laima, ga hannuwa sama da ashirin, sai wani abu ya taso mini. Na ce a raina, me ya sa za mu koma mu ce mun yi shara, alhali muna iya cewa mun yi shuka? Na riga na hango kaina ran Lahadi a gaban jama'a ina ba da shaida.

Na tafa hannu na ce, "A ɗauko sungumi. Yau sai mun shuke gonar nan."

Ana cikin shirin haka sai maƙwabcin gonarta ya iso, wani dattijo Musulmi Babarbare, wanda garin ke kira Malam. Ya yi mana sallama, ya yi sannu da aiki. Da ya ji abin da muke shiri, sai ya durƙusa ya tona ƙasa da hannu, ya kira ni in gani. Laimar ko tsawon yatsa ba ta kai ba, ƙarƙashinta busasshen rairayi ne.

"Ɗan'uwa, ruwan nan bai kai ba. Ya isa ya tada iri, bai isa ya raya shi ba. Mu sai laima ta wuce wuyan hannu muke fitowa."

Wata yarinya ƴar lise, wato babbar sakandare, wadda ke jan mana waƙa, ta matso da salularta. "Baba, masu duba yanayi ma sun ce babu ruwa a kwanakin nan."

Na ce, "Ke, salula ce ke aiko ruwa ko Ubangiji?" Yara suka kwashe da dariya, yarinyar ta sunkuyar da kai. Dariyar ta ƙara mini iska, na juya wajen dattijon. "Malam, mu da addu'a muka zo."

Ya karkaɗe hannunsa ya miƙe. "Mu ma muna yi, ɗan'uwa. Sai dai in mun shafa, mukan tona ƙasa mu duba." Ya yi mana sai an jima.

Yanzu sai in faɗi abin da irin nan yake. Ba geron kasuwa ba ne. Maigidan Iya ya taho da shi daga gidan ubansa a wajen Gaffati tun suna amarci. Gajeren kai ne da shi, kuma yana nuna da wuri, ko damina ta ɗauke da sauri yakan kai. Kowace kaka Iya da kanta take bi ta zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ta sussuke, ta gauraya da toka don ƙwari, ta zuba a gora biyu. Ɗaya ta shuka, ɗaya ta ajiya, don in shukar fari ta mutu a sake. Kowane manomi haka yake yi. Ni a lokacin ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba, ban kuma tambaya ba.

Iya tana gida da ƴan mata suna dama mana fura. Na aika a karɓo iri. Ta ɗan yi jim, aka ce, sannan ta ba da gora ɗaya. Samari suka shiga sara, na baya suna zubawa suna takewa. To ashe da yatsu uku ake tsunkulo iri. Mu ƴan birni da tafin hannu muke ɗiba, kamar masu watsa wa kaji. Ni ma ina ihu, "Ku zuba da yawa, kada ku yi wa Allah rowa!" Gorar da takan shuke gonar duka ta ƙare tun ba mu kai rabi ba.

Na tafi gidan da ƙafata.

"Iya, kawo sauran."

"Wane saura, ɗan birni? Wancan na ajiya ne. Ba a taɓa shi."

Ƴan matan suna tsaye suna ji. Na ɗaga murya yadda za su ji da kyau, na ce, "Haba Iya! Ke da kika riga mu sanin Ubangiji, yau ke ce za ki ɓoye iri don tsoron gobe? Me za mu koya wa yaran nan?"

Ta dube ni. Har yau ina ganin kallon nan. Baƙi sun taso tun daga birni sun yi mata wahala, ga babba a cikinsu ya sa ta a gaba da sunan bangaskiya. Kunya ta hana ta musu. Ta shiga ɗaki ta kwanto gorar daga inda take rataye, ta miƙo mini da hannu biyu. Ba ta yi zolaya ba a wannan karon.

Ran Lahadi na ba da shaidata, aka tafa. Fasto kaɗai bai tafa ba. Bayan sujada ya ce, "Baba, shara na ce." Na ce Ruhu ne ya bishe mu. Ya ce, "Ka tabbata?"

Geron ya tsiro, aka ce, kore shar, gwanin sha'awa. Sama kuwa ta yi tas. Mako guda, mako biyu. Ina garaji ina kwance ƙafar moto, rabin hankalina yana gabas ina neman hadari. Ban taɓa addu'a irin ta kwanakin nan ba, kuma in na faɗi gaskiya, ba don Iya nake yi ba, don fuskata nake yi. A mako na uku tsiron ya ƙone ƙurmus.

Da ruwan gaske ya sauka, Malam ne ya ɗebo daga nasa irin ya ba ta. Ƴar lise ɗin nan ta tattara matasa biyar suka hau kabu-kabu suka je, Malam ya nuna musu yadda ake tsunkula, suka sake shukar. Kafin su tafi ta zo ta ce, "Baba, za ka je?" Na ce gwiwata ta tashi. Geron Malam mai daɗewa ne, daminar kuma ta ɗauke da wuri, abin da Iya ta samu bai taka kara ya karya ba. Ikilisiya ta kai mata hatsi, ba ta kwana da yunwa ba. Amma irin maigidanta ya ƙare a duniya, a hannuna, cikin yini guda.

Da kaka Iya ta aiko da ɗan ƙaramin dami don godiyar girbi a majami'a, tare da saƙo ta bakin yarinyar. "Baba, Iya ta ce ka zo." Na ce to. Bayan Kirsimeti wani saƙon ya zo. "Ta ce a gaya wa ɗan birni sandarta ta dogarawa ce, ba ta duka ba." Na yi dariya a gaban yarinyar, na shiga bayan garaji na zauna.

Ba wai ban yi niyya ba. Na sayi sukari da sabulu na ɗaure a leda. Sai dai na ƙudura cewa ba zan je hannu sake ba, sai na samo mata irin. In miƙa mata gora cike, in ce Iya ga kayanki, mu yi dariya a wuce wurin. Na bi ƴan hatsi a kasuwa, har fataken Kano na tambaya, suka ce, "Baba, gero ai gero ne." Na hau moto na je Gaffati sau biyu. Tsofaffi suka ce sun tuna shi, amma an daɗe da barin shi. Daga can zuwa wajenta ba wata tafiya ba ce, amma na juya kan moto na koma Zango.

Fasto ya same ni wata Asabar yara suna waƙa, ya zauna kusa da ni a benci. "Baba, kai kana so ka je a matsayin wanda ya gyara. Ita kuwa wanda ya ɓata take kira. Shekara nawa kana jin wa'azin gafara? Ka je haka nan."

Na ce, "Bari zafin nan ya ɗan sauka."

Zafin bai sauka ba Iya ta rasu, ana saura kaɗan ruwa ya faɗi.

A ranar na je, ba gwiwar da ta hana. Mutanen garin ne suka haƙa kabarin, suka tsaya daga gefe har muka gama addu'o'inmu. Da aka watse Malam ya kama hannuna ya ja ni gindin gawon nan. Gora biyu ne a hannunsa.

"Ta bar maka saƙo. Ta ce in ɗan birni ya zo bayan ba ta, a ce masa ta yafe tun ranar da tsiron ya ƙone. Ta ce ba don iri take kiranka ba. Ta tanadi tsiyar da za ta yi maka ta shekara guda, kai kuma ka hana ta." Ya miƙo mini gorunan. "Ta ce ka riƙe, wataƙila wata rana ka koyi zubawa."

Na karɓi gorunan. Da na je ko sau ɗaya, da ta zage ni son ranta a gaban yara, ta kira ni mai gemun aro, in durƙusa in ce Iya na yi laifi, ta dafa kaina. Abin da ya rage mata ke nan na jin daɗi a cikin maganar, shi ma na ƙwace.

Na nemi dattawa su sauke ni, suka ƙi, wai har yanzu sauran ukun suna da uzuri. Ina nan ina bin matasa gayya. Ƴar lise ɗin ce shugabarsu yanzu, in ta yi magana nakan yi shiru. Na roƙi gafararta a gaban su duka, wannan kam ban jira zafi ya sauka ba. A wajen nazari na daina ƙarasa ayoyi da nawa. In ban sani ba sai in ce a karanta mini daga farko.

Gorunan suna rataye a garaji, sama da inda nake ajiye spana. Ƴan kabu-kabu sukan ɗaga kai su ce, "Baba, mene ne a ciki, magani?"

Nakan ce, "Babu komai. Ni na juye."