Gatarin Baba da Na Riƙe

Ranar Talata da hantsi, ina tsaye a barandar gidana a Nassarawa, direban motata Sale ya dawo daga ƙauye. Ya durƙusa, ya ce, "Alhaji, sai haƙuri. Baba ya cika jiya, an kai shi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mahaifina, Malam Audu, da faskare ya ciyar da mu. Ba ya sara da gaggawa. Sai ya zagaya gungume, ya shafa shi, ya nemo inda ya fara tsagewa. Yakan ce, "Icce da kansa yake nuna ƙofarsa. Mai fushi ne ke sara a gaɓa." Ko ƙirya, da taurinta, ba ta gagare shi ba. Kowace Juma'a yakan ajiye dami a ƙofar tsofaffin da ba su da mai yi musu, ya wuce kafin a fito gode masa.

Ni kuwa daga makarantar midil na tsaya, na shiga dakon gyaɗa, da gumina na mallaki motoci. Da Turawa suka fara tafiya na sami gidan nan a unguwarsu, na ɗauko Baba ya huta. Kwana uku kacal, na tarar da shi yana faskara wata darbejiya da ta faɗi a bayan gida, masu gadin maƙwabta na leƙe.

Na ce, "Haba Baba! A unguwar nan? Ga kuku, ga risho. So kake a ce na kasa riƙe ka?"

Ya ɗaga gatarinsa ya ce, "Da wannan na biya maka makarantar, ɗan nan."

Na karɓe gatarin, na rataye a sito. Da sati ya zagayo ya ce zai koma gida. Na hana shi gatarin, wai don dole ya dawo. A bakin mota bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "To, ka riƙa jiƙa ƙotar, kada ta bushe."

Shekara biyu ina cewa gobe zan kai masa, in nemi gafara. Girman kai ya hana. Ashe da gatarin aro ya ƙarasa kwanakinsa.

Da Sale ya fita na buɗe siton. Ina ɗaga gatarin, ƙarfen ya zame ya faɗi ƙasa. Ko sau ɗaya ban jiƙa ba. A nan kuka ya zo mini.

Na tsoma shi a ruwa har ƙotar ta kumbura ta kama, na tafi da shi gidanmu na ƙauye. Iccen da aka dafa abincin sadakar uku da shi, ni na faskara, na tuɓe babbar riga, tafin hannuna duk bororo. Inna ta dube ni ta ce, "Ka sara a gaɓa. Zagaya tukuna."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka makwancinsa, Ya sanyaya masa kamar yadda ya ɗumama gidajen mutane. Allah Ya ba Inna da ƙannena haƙuri. Ni kuma, ya Rabbi, Ka isar masa da neman gafarar da na makara ban yi ba. Amin.